Hitar kananzir mai lagwani ko mai fanka: wacce za ka iya gyarawa ranar da ta ƙi kamawa?

Mai neman hitar kananzir yakan fara da tambayar wacce ta fi ɗumama ɗaki, wacce kuma ta fi shan mai. Amsar nan ba ta da tsawo. Litar kananzir ɗaya tana ɗauke da zafin da ya kai kusan kilowat-awa 10, kuma da yake hitar da ba ta da bututun fitar da hayaƙi duk abin da ta ƙona a cikin ɗakin take barinsa, kusan duk zafin naka ne, ko mai lagwani ce ko mai fanka. Inda suke rabuwa shi ne ranar da aka tashi da asuba cikin muku-mukun sanyi, aka taɓa ta, ta ƙi kamawa, ko ta kama tana wari, ko ta yi minti goma ta mutu. A ranar ne za ka gane ko ka sayi abin da sukudireba da ɗan haƙuri za su tayar, ko kuwa abin da sai an nemo masa wani ƙarfe daga ƙasar da aka ƙera shi.

Gidan wannan na'ura Japan ne. A can, ko da yake ƙasa ce mai arziki, gidaje da yawa ba su da tsarin ɗumama gida gaba ɗaya, ɗaki-ɗaki ake ɗumamawa, kuma da sanyi ya shigo za ka ga motocin sayar da kananzir suna zaga unguwanni, mutane na fitowa da jarkoki masu cin lita 18, ja a gabashin ƙasar, shuɗiya a yammaci. Manyan kamfanonin uku ne: Toyotomi a Nagoya, Corona a Sanjo, da Dainichi a birnin Niigata. Koriya ta Kudu ma tana ƙerawa, Paseco ne sunan da aka fi sani. A Jodan da maƙwabtanta hitar kananzir ce abokiyar hunturun talaka, sunan kamfanin Fujika kuwa ya zama ruwan dare. Ɗalibanmu da 'yan ci-rani da ke waɗannan ƙasashe suna cin karo da ita tun sanyinsu na farko, wasu hitocin kuma sukan faɗo cikin kayan gwanjo su iso hannun mutanen Jos da Mambila, inda sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne.

Mai lagwani

Wanda ya taɓa gyara risho ya riga ya san rabin aikin. Tanki a ƙasa, lagwani yana tsotso mai yana kaiwa sama, zafi yana mayar da man tururi, tururin yana haɗuwa da iskar da ke shigowa ta ƙananan hujojin wata kwanya ta ƙarfe da ke zaune a kan lagwanin, ya ƙone. Bambancin dai lagwanin hita ɗaya ne, faffaɗa, a naɗe kamar hannun riga, ba igiyoyi da yawa ba. Babu famfo, babu waya. Batir ɗin da ake sa mata na kunnawa ne kawai, in ya mutu ashana ta wadatar.

Iri biyu ce. Akwai mai siffar ganga, wadda ake ajiyewa a tsakiyar ɗaki, zafinta na tashi sama yana bazuwa ko'ina. Manyan irinta suna ba da zafin kusan kilowat 6 da rabi, tankinsu na cin lita 7 ko kusa da haka, kuma cikin awa goma zuwa sha biyu sun shanye shi. Wannan ta zaure ce ko babban falo. A ƙaramin ɗaki za ta dafa ka, ga shi ba ta raguwa sosai. Sai mai kusurwa huɗu, wadda ke da faranti mai sheƙi a bayan wutar yana turo zafi gaba. Ita ana jingina ta kusa da bango, zafinta bai cika wuce kilowat 3 ba, tana shan abin da bai kai sulusin lita ba a awa, tankinta kuma ana zaro shi a kai waje a cika a dawo da shi. Ga mai ɗaki ɗaya ko ɗaki da falo, ita ce daidai.

Matsalolinta kusan duk a kan lagwani suke taruwa. Ka ɗaga kwanyar ka duba bakinsa. Lafiyayyen lagwani bakinsa da laushi, in ka matsa da yatsa yana lotsawa. Wanda ya sha mummunan mai za ka tarar bakinsa ya yi baƙi ƙirin, ya ƙandare, har da wani ƙyalli-ƙyalli na kwalta. Daga wannan kwaltar ce sauran ƙorafe-ƙorafen ke fitowa: maɓallin murɗawa ya yi tauri, wuta ta daɗe ba ta zagaye ba, harshenta ya ƙi tashi ko an murɗe shi ƙarshe, ɗaki ya ɗauki wari. Mafi muni, ka danna maɓallin kashewa lagwanin ya maƙale bai faɗa ƙasa ba, wutar ta ci gaba da ci. Hitar da ta kai nan ba a sake kunna ta sai an gyara.

Maganin ya danganta da irin lagwanin, kuma a nan ne mutane suke ɓata kayansu. Yawancin hitocin zamani bakin lagwaninsu na zaren gilashi ne, wuta ba ta cin sa. Irin wannan ana tsabtace shi da ƙonawa a bushe: a zare tanki, a kwashe man da ya rage a ƙasa, a fitar da hitar waje inda iska ba ta kaɗawa, a kunna, a ɗaga lagwani, a bar ta ta ci har ta mutu don kanta. Yayin da mai ke ƙarewa, zafin yana cinye kwaltar ya bar farar toka, sai a goge da tsohon buroshin haƙori bayan ta huce. Za ta yi wari sosai wajen ƙarshe, shi ya sa ba a yi a cikin ɗaki. In sau ɗaya bai wadatar ba a maimaita. Amma lagwanin auduga zalla, irin na hitar Aladdin mai shuɗiyar wuta, wadda asalinta daga Ingila ne tun shekarun 1930, ba a yi masa haka ko kusa. Auduga in mai ya ƙare ita kanta wuta za ta ci, lagwanin ya gajarce ya tashi daga aiki. Shi kankare bakinsa ake yi da ɗan abin kankarar da ke zuwa tare da hitar. Haka kuma lagwanin gilashi ba a sa masa almakashi. Wanda ya saba datse lagwanin fitila ya riƙe hannunsa.

Sauran alamun suna da sauƙin karantawa. Wuta ta tashi dogo a gefe ɗaya, ja, tana baƙin hayaƙi: galibi kwanyar ce ba ta zauna daidai ba, ka kama mariƙinta ka ɗan juya hagu da dama har ka ji ta faɗa gurbinta. Wutar duka ta yi tsawo tana lasar sama: lagwani ya yi yawa, ko iska na bugowa daga ƙofa. Wari ba hayaƙi, kwanyar kuma ba ta yi ja sosai ba: an rage lagwani fiye da kima. Wannan na ƙarshen shi ne kuskuren masu tattalin mai. A risho kana rage wuta yadda ka so, a hita ba haka ba ne. Tazarar da aka ba ka tsakanin sama da ƙasa 'yar kaɗan ce, in ka sauka ƙasa da ita kwanyar ba ta yin zafin da zai ƙone tururin duka, sai ɗanyen mai da guba su cika ɗakin. In zafi ya yi yawa, kashewa ake yi ko a buɗe taga.

Sai ruwa. Ruwa ya fi kananzir nauyi, saboda haka duk ɗigon da ya shiga, ko daga jarkar da aka bari a buɗe, ko raɓar da ke taruwa a cikin tankin da ba a cika ba, ƙasa yake kwanciya, daidai inda gindin lagwani yake. Auduga kuwa ta fi son ruwa a kan mai. Da ta sha shi, hanyar mai ta toshe: wuta ta yi ƙasa, tana tartsatsi, ta mutu alhali tanki cike yake. Gyaran shi ne a zuƙe duk abin da ke ƙasan da ɗan famfon roba ko sirinji, a goge da tsumma, a cire lagwanin a shanya shi a inuwa ya bushe sarai, ko a canza.

Canza lagwani aikin awa guda ne ga wanda bai taɓa yi ba. A cire batir da tanki da kwanya, a zare maɓallin murɗawa, a kwance sukurorin jiki a ɗaga murfin, a kwance ƙusoshin da suka danne gidan lagwanin. Tsohon yana maƙale ne a kan wasu ƙananan haƙora ko ƙusoshi uku da ke jikin zoben da ke ɗaga shi. Kafin ka cire, ɗauki hotonsa da waya. Sabon yana da layi ko hujojin da ke nuna inda zai zauna, a daidaita shi, a bi da yatsa a lallashe shi ya kwanta jikin zoben ba tare da lanƙwashewa ba, domin ɗan lanƙwasa ɗaya ya isa ya hana shi sauka. Bayan an mayar da komai, a murɗa sama a danna kashewa sau da yawa a tabbatar yana faɗawa da ƙarfi, kana a zuba mai a jira. Wasu littattafan hitar suna cewa minti 20 ko 30, wasu awa guda. Ni na fi son awa gudan. Mai gaggawar da ya kunna busasshen lagwani ya ƙona bakinsa tun ranar farko. Abin lura ɗaya: kowace hita da lambar lagwaninta. Wanda ya yi kama da shi amma ba shi ba, ko dai ya yi sako-sako ko ya cije.

Abin kunnawa ba ya cin kuɗi. A tsofaffin, wata 'yar siririyar waya ce ke yin ja ta taɓa lagwani. In ba ta yi ja ba, batir ne, ko tsatsa a mazauninsa, ko wayar ta tsinke, ana kuma sayar da ita ita kaɗai. In ta yi ja amma farin hayaƙi kawai ke tashi, ta nutse ne cikin lagwanin, a ɗan janye ta baya ta tsaya dab da bakinsa. Sababbin tartsatsi suke yi. Ko duk sun lalace, hitar ba ta mutu ba.

Mai fanka

Kamfanin Mitsubishi Electric ne ya fara fito da ita a 1978, kuma duk wanda ya zauna da ita sanyi ɗaya zai gane dalilin da ya sa ta mamaye gidajen Japan. Ka danna maɓalli, ka zaɓi zafin da kake so, digiri 20 misali, ita za ta riƙa ƙara wuta tana ragewa da kanta. Iska mai ɗumi tana fitowa ta ƙasa tana bin daɓe, ƙafa ta ji ɗumi kafin kai. Wutar a rufe take a ciki, samanta ba ya ƙona hannu, akwai makullin yara, kuma bayan awa 3 tana kashe kanta sai in an danna mata ƙarin lokaci. In iskar ɗaki ta lalace, tana tsayawa. Wajen tattalin mai ma a nan take cin riba, don tana iya sauka ƙasa sosai ba tare da wari ba, abin da mai lagwani ba ta iyawa.

Kuɗin wannan jin daɗi shi ne yawan abin da ke ciki. Ƙaramin famfon lantarki yana ɗebo mai daidai gwargwado. A irin na Dainichi, man yana shiga wani ɗan bututu da lantarki ya gasa, ya zama tururi, ya fita ta wata 'yar huda da allura ke buɗewa da rufewa. Na Corona da na Toyotomi kowanne da tasa dabarar, na Toyotomi ma a cikin wata 'yar tukunya yake ƙona man, abin da ya sa aka san shi da ɗan jure man da ya kwana biyu. Sai abin tartsatsi, da wani siririn ƙarfe da ke tsaye cikin wutar yana shaida wa fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa hitar, cewa wuta na ci yadda ya kamata, da ma'aunin zafin ɗaki, da fankar kanta. Tsakaninta da mai lagwani kamar tsakanin tsohuwar Fijo 504 ne da motar yanzu mai kwamfuta: ta biyun ta fi daɗin shiga, ta farkon kuwa ko a ƙauye ta tsaya akwai mai tayar da ita.

Abu biyu mai gida zai iya yi da kansa ba tare da kwance komai ba, kuma su ne ke warware yawancin tsayawar. Akwai raga a bayanta inda fanka ke jan iska. Ƙura ta toshe ta, cikin ya yi zafi fiye da kima, hitar ta kashe kanta. A Japan sau ɗaya a mako ake cewa a share. A ƙurar hunturunmu, kullum ne. Na biyu, in ka zaro tanki za ka ga wani ɗan kofi mai tacewa a gurbin da bakin tankin ke zama. Ana ciro shi a wanke da kananzir mai tsabta, ba da ruwa ba. In ruwa ya taru a cikinsa, mai ba ya wucewa, sai hitar ta riƙa nuna alamar mai ya ƙare alhali yanzu aka cika.

Daga nan sai abin ya fara wuya. Akwai wata cuta da ta keɓanta da mai fanka, wadda mutum ba zai taɓa zato ba. Man gashi da feshin gashi da wasu mayukan shafawa da na goge kaya suna ɗauke da sinadarin silikon. Fanka ta ja shi cikin iska, wuta ta ƙone shi, ya zama farin gari ya lulluɓe siririn ƙarfen nan mai gadin wuta. Da ya lulluɓe, saƙon ba ya isa fanel, fanel ya ɗauka iskar ɗaki ce ta ƙare, ya kashe. Kai kuma ka buɗe taga, ka sake kunnawa, bayan 'yan mintoci ta sake mutuwa. A hitocin Dainichi lambar E13 ce ke fitowa. In ka leƙa ta gaba ka ga ƙarfen ya yi fari kamar an shafa masa alli, to ita ce. Masu gyara suna buɗewa su goge da takardar yashi mai laushi ko su canza shi. Kamfanonin ba sa son mai gida ya buɗe da kansa, kuma suna da hujja: ƙarfen nan shi ne mai tsaron ranka, in ka lanƙwasa shi ko ka fasa farin tangaran ɗin da ke gindinsa, ka taɓa abin da bai kamata ba. Ɗakin da uwargida ke gyaran gashi a ciki dai, a kashe hitar tukuna a kuma sake iskar ɗakin.

Mummunan mai kuwa, wanda a mai lagwani asararsa lagwani ɗaya ce, a nan kwaltarsa cikin bututun tururi da allurar take daskarewa. Alamar ita ce farin hayaƙi da wari lokacin kunnawa, ta gwada ta kasa, ko wutar ta zama ja maimakon shuɗiya. Gyaran na gaskiya canza bututun ne gaba ɗaya, kuma sai na wannan samfurin. In kana Osaka ko Seoul, magana ce ta kwanaki. In kana Bukuru, sai dai ka nemi wata matacciyar irinta ka ciro.

Ga kuma lantarki. Ba wuta, ba hita, ko da tanki cike yake. Mutanen Japan da kansu sun koyi wannan a girgizar ƙasar 11 ga Maris 2011, lokacin da wuta ta ɗauke a arewa maso gabashin ƙasar ana tsakiyar sanyi, mutane suka koma neman mai lagwani, har yau kuma gidaje da yawa suna ajiye ɗaya don ɓacin rana. Mai fankar da aka ƙera don kasuwar Japan wutar bolt 100 take sha. A soka ta kai tsaye a wutarmu ta 220 zuwa 230, fanel ya tafi nan take. Dole sai da taransifoma mai rage wuta, kuma mai ƙarfi, saboda ko da yake hitar ba ta cin wuta sosai in ta kama, a mintocin kunnawa tana jan wat ɗari uku zuwa ɗari shida da wani abu, gwargwadon samfuri. Ɗauke wuta tana tsakiyar aiki ma yana yi mata illa: fanka ta tsaya cak, zafin ya taru a ciki, wari ya fito. Sannan tudu. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, iskarta ta fi ta bakin teku sauƙi, kuma yawancin masu fanka suna da saitin tudu da sai an canza, in ba haka ba su riƙa mutuwa ba dalili.

Man da kake zubawa

Duk iri biyun don farin kananzir mai tsabta aka yi su. A Amurka sunansa 1-K, wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 0.04 cikin ɗari ba, na Japan ma ya fi haka tsabta. Man da ya kwana shekara, musamman a farar jarka a rana, yakan koma ruwan ɗorawa da wani wari mai tsami. Ka zuba a kofin gilashi ka sa farar takarda a bayansa: in ba fari tas kamar ruwa ba ne, kada ya shiga hita. Gaurayen dizal yana kawo kwalta da hayaƙi. Gaurayen fetur kuwa kisa ne. Kananzir ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya kai zafin digiri 38 zuwa 40, fetur kuwa ko a digiri 40 ƙasa da sifili yana kamawa. Mugun abin shi ne hitar takan fara ci lafiya lau, sai tanki ya ɗumama, tururin fetur ya turo mai ya malalo, wuta ta tashi gaba ɗaya. Mun sha jin fashewar fitila da risho a Najeriya saboda gurɓataccen kananzir, tankin hita kuma ya ninka na fitila sau da yawa. In kana shakkar man da ka sayo a kwalba a bakin titi, ɗiga kaɗan a murfin gwangwani a waje, nesa da jarkar, ka kusanto da tsinken tsintsiya mai wuta. Kananzir na gaskiya a safiyar sanyi ba ya kamawa haka nan. In ya yi fuu, mayar wa mai shi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur kuma ba ta ɗaukar man hita, ko an ɗauraye ta.

A wannan fannin mai lagwani ta fi haƙuri da datti da tsufan mai, amma game da fetur babu mai haƙuri a cikinsu.

Iskar ɗaki

Kowace litar da aka ƙona tana sakin kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi, da kusan kilo 2 da rabi na iskar kabon dayoksaid. A Japan wannan ruwan ne ke jiƙa gilasan taga ya kawo fumfuna. A bushewar hunturu da ke tsage leɓe, shi wannan ba abin ƙi ba ne. Matsalar ita ce oksijin. Yana raguwa a rufaffen ɗaki, wuta ta fara ci rabi-rabi, ta soma fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Ita ce dai ke kashe iyalan da suka kwana da kaskon gawayi ko janareta a cikin gida. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, musamman in mutum biyu ko uku suka ji tare, a kashe a fita waje. Kamfanonin Japan suna rubuta a buɗe taga sau ɗaya ko biyu a kowace awa na minti ɗaya zuwa biyu. Mai fanka tana da abin da zai kashe ta in iska ta ɓaci, yawancin tsofaffin masu lagwani ba su da shi, kuma wannan babban maki ne a gefen mai fanka. Duk da haka babu wadda ake barci a bari tana ci. A ɗumama ɗaki, a kashe, a ja bargo. Ƙaramar na'urar ƙararrawa mai jin kabon monoksaid ba ta kai kuɗin hitar ba, a haɗa da ita.

Wanda lallai yake son ɗumi har safe, akwai iri na uku da ake kafewa a jikin bango, bututunsa ya huda zuwa waje, ta nan yake shaƙar iska ta nan yake fitar da hayaƙi. Shi ake amfani da shi a Hokkaido da Alaska. Yana da tsada, yana son lantarki, kuma gyaransa na ƙwararre ne. Shi ma ba a sakankance da shi: a 2005 wasu tsofaffin samfuran National, na kamfanin Matsushita, da aka ƙera tsakanin 1985 da 1992, sun yi sanadin mutuwar mutane bayan robar bututun iskarsu ta tsage, har kamfanin ya bi gida-gida yana neman a dawo da su.

Saman mai lagwani yana zafin da zai tafasa buta, abin da ke jan hankalin mutane su ɗora ruwan shayi ko na alwala. Amfani ne, amma a gidan da yara ke rarrafe haɗari ne biyu, ga ƙarfe mai zafi ga tafasasshen ruwa. Shanya wanki a samanta na cikin manyan sanadin gobara a Japan, riga ta bushe ta yi sauƙi ta zamo ta faɗa. Mita ɗaya tsakaninta da labule da katifa. Gwangwanin feshin sauro ko na turare kuma kada a ajiye shi gaban kowace irin, zafi na fasa shi. In kana ƙasar waje, duba takardar hayar gidanka tukuna: gidajen haya da yawa a Japan sun hana hitar kananzir, a birnin New York ma doka ce ta haramta.

To wacce?

In kana inda wuta ba ta ɗaukewa, man gidan mai tsabtatacce ne, mai gyara da kayan gyara suna kusa, ga yara ƙanana a gida, sayi mai fanka, ka riƙa share ragarta, ka zubar da tunanin amfani da ragowar man bara. In ɗaya daga cikin ukun farko ya rasa, mai lagwani mai kusurwa huɗu ce taka, ka haɗa da lagwani biyu na ajiya da ƙararrawar guba tun ranar saye, ka kuma kewaye ta da shingen ƙarfe in akwai yara. Mai fankar gwanjo a garin da wuta ke zuwa da tafiya, ban ga ribarta ba ko da kyauta aka ba ka, domin kuɗin taransifoma da inbata sun isa su sayi mai lagwani sabuwa.

Wajen gyara ko yarwa, lissafin a bayyane yake. Lagwani, abin kunnawa, fasasshen gilashin kwanya, robar murfin tanki, duk a gyara. Tankin ƙasa da tsatsa ta huda, kada a yi masa faci da gam ko walda, na 'yan gwangwan ne. Haka hitar da abin da ke kashe ta in an girgiza ta ya daina aiki: ana gwada shi ne da ɗan girgiza ta, ba wuta, lagwani a sama, dole ka ji ƙas ya faɗi. A mai fanka, raga da kofin tacewa da ƙarfen gadin wuta sun cancanci wahala. Bututun tururi, sai in ana samunsa kuma hitar ba ta tsufa ba. Ƙonannen fanel a hitar da ta haura shekara 8, wadda ita ce iyakar da masu ƙerawa a Japan ke cewa a duba ko a canza, bai cancanci ko kuɗin mota zuwa wurin mai gyara ba.

In ta hannu za ka saya, zaro tankin ka haska gurbinsa da tocila ka nemi tsatsa da ruwa, murɗa lagwanin sama da ƙasa ka ji ko yana tafiya sumul, girgiza ta ka ji ya faɗi, sannan ka karanta lambar samfurin da ke manne a gefe ko a baya, ka bincika a waya ko har yanzu ana sayar da lagwaninta kafin ka ciro kuɗi.